Kafin Mu Sayo Sukuta, Mu Fara Auna Ganuwa

Mai karatu, a watan Satumbar 2024 Allah Ya nufe ni da ziyarar aiki ta mako biyu a Warso, babban birnin ƙasar Folan. Wanda bai sani ba zai yi mamakin abin da zai kai malamin Hausa wannan uwa duniya, to amma Jami'ar Warso ta daɗe tana koyar da harshenmu, kuma duk wanda ya yi nisa a nazarin Hausa ya ci karo da rubuce-rubucen Farfesa Stanislaw Pilaszewicz da Farfesa Nina Pawlak. Sai dai ba aikin da ya kai ni ne ya sa na ɗauki alƙalami yau ba. Wani yawo ne na awa biyu da na yi a tsohon garin, da kuma maganar da wani aminina ya yi mini a kansa bayan na dawo gida.

Ranar wata Asabar da babu aiki, mai masaukina ya biya mini kuɗin zagaya tsohon gari a kan sukutar lantarki tare da ɗan jagora. Kada mai karatu ya ɗauka irin Basfar nan ce da iyayenmu malaman makaranta suka hau. Wannan wani siririn faifan ƙarfe ne mai ƙananan tayoyi biyu da sandar riƙewa a gaba. Babu sirdi, a tsaye ake tafiya, batir ne ke jan ta, ba ƙara ba hayaƙi. Da a Kano ta fara ɓulla, na tabbata 'yan gari ba za su kwana ba su raɗa mata suna ba, kamar yadda suka yi wa A Daidaita Sahu. Ni dai a raina na sa mata “a-tafi-a-tsaye”. Mu takwas ne a ayarin, aka ba kowa hular kwano, aka yi mana bita ta minti goma a wani fili, aka kuma sanar da mu cewa tun 2021 dokar ƙasar ta hana wannan abin hawa wuce gudun kilomita 20 a awa, kuma a inda masu ƙafa ke bi dole ka daidaita tafiyarka da takunsu. Ni da rabona da hawa keke tun ina sakandare, na sha tangal-tangal kafin ƙafata ta zauna.

Jagorarmu wata matashiya ce, ɗalibar tarihi. Ta bi da mu ta babban titin da jami'ar take, har muka ɓulla dandalin ƙofar fada, inda dogon ginshiƙin tunawa da Sarki Zygmunt na Uku yake tsaye, wanda aka fara kafawa a 1644. Daga nan muka kutsa cikin lunguna masu daɓen duwatsu, muka fito dandalin tsohuwar kasuwa da ke kewaye da sirarun benaye masu launi iri-iri, sa'annan muka dangana da Barbakan, wata ƙofar gari ta jan tubali mai asali tun 1540, da ragowar ganuwa a gefenta. Ina kallo ina cewa a raina, lallai ga mutanen da suka san darajar abin da kakanninsu suka bar musu. Sai yarinyar nan ta tsayar da mu, ta zaro wani hoto baƙi da fari na shekarar 1945, ta ce wurin da muke tsaye ke nan. Babu komai a hoton sai tarin ɓaraguzai da guntayen bangwaye. Ta ce kusan duk abin da muke ta ɗauka a wayoyinmu tun ɗazu, kakarta ta girme shi.

Ga yadda abin ya faru. Ranar 1 ga Agustan 1944 mutanen Warso suka yi wa sojojin mamaya na Jamus tawaye, aka shafe kwana 63 ana gwabzawa kafin su miƙa wuya. Bayan an kwashe mazauna garin, sai sojojin Hitila suka bi gida-gida suna cinna wuta suna dasa nakiya, har fiye da kashi 85 cikin ɗari na tsohon garin ya zama kufai, ita kanta fadar aka tarwatsa ta. Da yaƙi ya ƙare aka yi ta muhawara, wasu na ganin a share wurin a yi gine-ginen zamani. Ra'ayin su Farfesa Jan Zachwatowicz ne ya yi rinjaye, wato a mayar da garin kamanninsa na da. A 1953 aka buɗe dandalin kasuwar, ita kuwa fadar sai tsakanin 1971 da 1984 aka sake gina ta, da gudummawar jama'a. A 1980 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin kayan tarihi na duniya, tana sane sarai cewa sabon gini ne.

Tambayar da ta tsaya mini a rai ita ce, da me suka san yadda gidajen suke? Amsar da ake ba 'yan yawon buɗe ido, domin ta fi daɗin ji, ita ce zane-zanen wani mutumin Italiya mai suna Bernardo Bellotto, mai zanen fadar sarkin Folan na ƙarshe a ƙarni na 18, wanda ya zana titunan Warso dalla-dalla, kuma fiye da ashirin daga cikin zanukan nasa suna rataye a fadar har yau. Gaskiya ne an yi amfani da su. Amma mai zane yakan ƙara gishiri, kuma zane ba ya gaya wa magini kaurin bango ko tsawon taga. Abin da ya fi ceton garin shi ne wani aiki marar armashi: kafin yaƙin, malaman sashen nazarin gine-gine na Kwalejin Fasaha ta Warso sun riƙa tura ɗalibansu su auna tsofaffin gidaje ɗaya bayan ɗaya, su zana taswirarsu. Babu ɗayansu da ya san za a rusa garin. Aikin aji ne kawai, irin wanda ɗalibi ke yi yana gunaguni. Da wuta ta tashi, wasu suka sayar da ransu suka ɓoye takardun. Ba na cewa abin da aka gina daidai yake da na da ciki da waje, domin an sauya cikin gidajen da yawa don su dace da zaman zamani, amma da babu waɗancan takardu da sai dai a yi ta kirdado.

Ita kuwa sukutar, in za a yi mata adalci, tana da ranarta. A dogayen tituna da gefen kogin Bistula ta rage mana wahala ainun, ta kai mu wuraren da ƙafa ba za ta kai ba cikin awa biyu. Amma da muka shiga lunguna sai ta zama kaya. Daɓen duwatsun yana girgiza mutum har haƙoransa, idonka na kan tayar gaba da ƙafafun jama'a maimakon kan ginin da ka biya kuɗi don ka gani, kuma na lura da irin hararar da wasu tsofaffi mazauna wurin suke bin mu da ita. Ba su kaɗai ba ne: a watan Afrilun 2023 mutanen Faris suka kaɗa ƙuri'a a kan sukutocin haya, kusan kashi 89 cikin ɗari na waɗanda suka fito suka ce ba sa so, aka kwashe su daga titunan birnin a watan Satumbar shekarar. Duk abin da na ƙaru da shi a yawon nan, na same shi ne a lokutan da muka sauka muka jingine abin hawan muka saurara. A irin wannan tsayuwa ce jagorar ta fassara mana sunayen lunguna: Piekarska na masu gashin burodi, Piwna na masu giya, da wasu biyu masu suna Dunaj, waɗanda suka ci sunan wani ɗan rafi da ya taɓa bi ta wurin.

Da na dawo gida na nuna wa wani aminina ɗan kasuwa hotunan, sai idonsa ya tsaya a kan sukutar. Ya ce, “Dakta, ai wannan harka ce! Mu shigo da guda ashirin daga Sin, mu riƙa zagayawa da baƙi daga Gidan Makama zuwa marinar Ƙofar Mata, zuwa Kurmi, a ƙare a gindin Dala.” Ban ga laifinsa ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma maganarsa ta nuna mini wata ɗabi'a tamu, mu 'yan boko har da masu riƙe da madafun iko: idan muka je ƙasar waje, abin da ke da taya ko allo shi muke gani, shi muke ɗaukowa. Aikin haƙuri da ke ƙarƙashinsa ba ya shiga hoto, saboda haka ba ya biyo mu.

Na tambaye shi, idan mun ɗora baƙon a kan sukutar, me za mu nuna masa? Ganuwar da tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya aza harsashinta tun ƙarni na 12, aka yi ta faɗaɗa ta har bayan zamanin Muhammadu Rumfa, yau a wurare da dama sai an rantse maka kafin ka yarda ta taɓa bi ta nan. Wani ya ɗebi ƙasarta ya yi gini, wani ya yanka fili a kanta, wani ya mai da gindinta juji. A 2007 aka sa ta cikin jerin wuraren da Nijeriya ke fatan UNESCO ta amince da su, shekara uku bayan haka, a 2010, aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da ta siminti. Mutanen Warso abokan gaba ne suka rusa musu gari da nakiya. Mu kuwa babu wanda ya kawo mana yaƙi, da shebur da takardar fili muke cin namu a hankali, kuma wannan ya fi wuyar magani, domin babu wata rana guda da za a nuna a ce ran nan ne aka yi ɓarnar.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, waccan al'ada ta auna gini ta taɓa zuwa har ƙofar gidanmu, kuma daga Warso ɗin ta zo. Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan Folan wanda ya yi karatunsa a can, ya iso Nijeriya a ƙarshen shekarun 1950, ya yi shekaru yana bin fadoji da masallatai da gidajen ƙasa yana aunawa yana zanawa tare da matasan da ya horar. Shi ne ya assasa gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, inda aka gina kwatankwacin wani sashe na ganuwar Kano da na Masallacin Juma'a na Zariya. Ya rasu a 1982, littafinsa mai juzu'i uku ya fito a 1990, na farkon a kan Arewa. Mutumin da aka mai da garin da ya yi karatu toka ya san abin da takarda ke iya cetowa. Kafin shi ma, taswirar Kano da Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zana a 1851 da sunayen unguwanni a jikinta, baƙo ne ya yi mana. Sai yaushe za mu yi da hannunmu?

A nan ne abin ya shafi fagena. Ni ban iya auna bango ba, wannan aikin abokan aikina ne na sashen gine-gine, kuma ina roƙonsu da su mai da shi wajibi ga kowane ɗalibi kafin ya karɓi digiri: gida ɗaya, zaure ɗaya, ko taku ɗari na ganuwa. Amma akwai wata ganuwar da ba ta ƙasa ba, wato sunaye. Birnin Kano littafi ne ga wanda ya iya karanta sunayen unguwanninsa. Tudun Nufawa da Ayagi da Zangon Barebari da Agadasawa suna gaya maka waɗanda fatauci ya kawo da inda aka sauke su. Dukawa da Soron Ɗinki suna gaya maka sana'a, kamar dai lungun masu burodi na Warso. Alkantara kalmar Larabci ce mai nufin gada. Dandalin Turawa kuwa darasi ne sukutum a ilimin ma'ana, domin Turawan da ake nufi Larabawan Arewacin Afirka ne, tun kafin kalmar ta koma kan mutanen da suka ci garin a 1903. Waɗannan manyan sunaye an rubuta su, ba za su ɓata ba. Waɗanda nake jin tsoro a kansu su ne ƙanana: sunan lungu, sunan rijiya, sunan kududdufin da aka cike aka yi shaguna a kansa, sunan durumin da aka sare. Waɗannan a bakin tsofaffi kawai suke, kuma ɗan jagoran da bai san su ba, ko a jirgi ya ɗauki baƙo, bango kawai zai nuna masa.

Na ce wa aminin nawa ya riƙe kuɗinsa tukuna, ko kuma in yana son ya zuba su a harkar, ya ɗauki nauyin horar da samari goma da za su iya bi da baƙo a ƙafa daga Kurmi zuwa Madabo suna ba shi labarin kowace kwana. Lungunan cikin birni, da kwatocinsu da yaransu da masu tura kura, ba su da wurin sukuta ko da an kawo ta. Ya yi dariya ya ce malaman jami'a ba su san riba ba.

A zangon karatun da ya wuce na ba ɗalibaina 'yan aji uku aiki: kowa ya zaɓi lungu ɗaya a cikin birni ko a garinsu, ya nemi dattawa uku, ya ɗauki muryarsu a waya suna faɗin sunayen wuraren da asalinsu, ya rubuta yadda suka furta har da karin sauti. Sun yi gunaguni, kamar yadda na zata. Ɗaya daga cikinsu ta dawo bayan mako guda ta ce, “Malam, tsohuwar da kowa ya ce ita ta san asalin sunan lungunmu ta rasu da azumin bara.” Na tambaye ta ko marigayiyar ta bar 'yan'uwa, ta ce akwai ƙanwarta da ke aure a Gwammaja. Na ƙara mata mako biyu, na ce ta je can.