Zaɓen Kansila Ba Ƙaramin Abu Ba Ne

A watan Nuwamba 1873 an yi zaɓen kansiloli a Birmingham, babban garin masana'antu a Ingila. A lokacin, sau uku kawai ake sakin ruwan famfo a mako, talakawa da yawa kuwa ruwan rijiyoyi masu ƙazanta suke sha.

Fastoci biyu, George Dawson da Robert Dale, sun daɗe suna wa'azi cewa gyaran gari ma hidimar Allah ce. Ikkilisiyoyinsu ba sa ƙarƙashin Cocin Ingila, kuma sai a 1828 aka soke dokar da ta hana irinsu riƙe muƙami. Duk da haka ba su naɗe hannu ba. Jam'iyyar Liberal da suka mara wa baya ta ci zaɓen, Joseph Chamberlain ya zama magajin gari, a 1876 majalisar ta karɓi kamfanin ruwa.

Mu fa? Mukan ce mu 'yan tsiraru ne, ƙuri'armu ba ta da nauyi, sai mu zauna a gida ranar zaɓen kansila. Alhali kansila ne ya fi kusa da rijiyar unguwa. Mu yi addu'a, mu kuma fita mu jefa ƙuri'a.