Marubuta, Ku Leƙo Kasuwar Mai'aduwa

Malam Edita,

Ina roƙon ka ɗan tsakura mini fili a wannan shafi namu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina game da littattafan ƙagaggun labarai, waɗanda wasu dattawanmu suke kira littattafan ƙarya. Ni ɗan tireda ne a ƙasar Daura, ba malamin makaranta ba, kuma karatuna na boko bai wuce sakandare ba. Sai dai duk mai zaman shago ya san tsakanin azahar da la'asar ciniki kan yi barci. Wani ya yi gyangyaɗi, wani ya buga dara, ni kuwa littafi nake buɗewa. Don haka abin da zan faɗa ra'ayin mai saye ne da kuɗinsa, kuma mai saye yana da ikon ya ce kayan nan sun yi ko ba su yi ba.

Da farko ina so in yi wa masu cewa ɓata lokaci ne magana. Gaskiya ne marubuci shi ya ƙago mutanen da ke cikin littafinsa. To amma jama'a ku dubi Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya fito a 1982. Labarin wani hamshaƙin Alhaji ne da ya yi kuɗi da fasa-ƙwauri, ya saye ma'aikata, ya saye mutunci, kowa na rusuna masa. Mu da muke zaune kusa da Kongolam, muna kwana muna tashi da maganar iyaka, wa zai ce mana wannan ƙarya ce? Mun san mai ɗan buhu biyu a bayan babur shi ake tarewa, mun kuma san inda manyan motoci suke bi. A wannan shekarar ce kuma Bature Gagare, shi ma mutumin Katsina, ya fitar da Ƙarshen Alewa Ƙasa, inda wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙin basasa ya tara miyagu da bindigogi da ƙwaya, ya kafa tasa daular ta ta'addanci. Lokacin da muka karanta shi muna samari, daɗin faɗan kawai muke ji, kamar muna kallon fim ɗin Indiya. Wa ya taɓa zaton za a wayi gari a ga irin wannan a dazukan jiharmu? Ranar 1 ga watan Mayu 2019 aka zo har ƙofar gida a cikin garin Daura aka ɗauke Magajin Gari, Alhaji Musa Umar, sai da ya yi wata biyu a hannunsu kafin a kuɓutar da shi a Kano. A watan Disamba 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar Ƙanƙara sama da 300. Na sake ɗauko littafin nan bayan waɗannan abubuwa, wallahi ban ji daɗin faɗan ba ko kaɗan, jikina ne ya yi sanyi.

Ko mu nan Daura muna da namu gadon. Sa'idu Ahmed Daura ya rubuta Tauraruwar Hamada tun zamanin iyayenmu, labarin ɓarayi da satar mutum, kuma an karanta shi a makarantu. Yaran yanzu kaɗan ne suka san sunansa.

To ina muka kwana a yau? Littafin takarda ya yi tsada, masu bayar da haya a kasuwa sun ragu, karatu ya koma cikin waya. 'Ya'yanmu mata da matanmu suna biyan ɗan kuɗi a saka su a zauren WhatsApp su riƙa samun labari shafi-shafi, wasu kuma a tura masu na saurare a wajen masu cajin waya. Ban ga laifin wannan ba, kuma ba na cikin masu cewa a ƙona littattafan soyayya. Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, ta nuna yadda magidanci yake wulaƙanta uwargida da 'ya'yanta saboda sabuwar mace, kuma duk wanda ya karanta ya san wani gida a unguwarsu da aka yi haka. Wannan ai aiki ne. Kukana shi ne yawancin na yanzu da suke zuwa hannuna, in ka karanta ɗaya ka karanta goma. Saurayi ɗan minista, gida a Abuja, asibiti a Dubai, mota kala-kala. Talaka in ya fito a ciki, to maigadi ne ko 'yar aiki, ko kuwa wata tsohuwa daga ƙauye da aka kawo don a yi mata dariya. Haba marubuta! Mu ne fa muke sayen katin da ake karanta ku da shi.

Na gwada na Turanci guda biyu da 'yan Arewa suka rubuta, da taimakon ƙamus da wani ɗana da ke karatu a Katsina. Na farko Born on a Tuesday na Elnathan John, wanda ya fito a 2015, labarin wani almajiri ne mai suna Ɗantala da ya faɗa cikin yaran da 'yan siyasa suke haya lokacin zaɓe, daga baya ya tsere Sakkwato. Akwai wuraren da na ji marubucin yana yi wa baƙi bayanin abin da mu mun riga mun sani, amma yunwar yaron da tsoronsa na gaske ne, na gan su a fuskar almajiran da suke zuwa bara bakin shagona. Na biyu Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya ci kyautar dala 100,000 a 2016. Labarin wata bazawara ce mai shekara 55 da wani matashi shugaban 'yan daba. Ba zan ɓoye ba, akwai shafukan da na ji kunya, ba littafin da zan bari a kan benci yara su ɗauka ba ne. Duk da haka yadda ya nuna babban ɗan siyasa yana amfani da yaron, in ya gama da shi ya yar kamar ɓawon rake, wannan bai bar zuciyata ba har yau. Abin da ya dame ni shi ne, mutanen da aka rubuta labarinsu ba za su iya karantawa ba. An yi tuwo da hatsinmu, an kai wa maƙwabta.

Yanzu bari in zo kan labaran bincike, waɗanda su ne na fi so, su ne kuma suka fi ba ni haushi. A irin na Turawa, kamar na Agatha Christie, za a kashe mutum a shafi na goma, sai wani gwani ya zo ya yi ta tambaya, ya duba sawu, ya duba toka, a ƙarshe ya tara kowa a ɗaki ya nuna mai laifi. Daɗin abin shi ne ka san gaskiya za ta fito. Namu marubutan da suka bi wannan hanya sun yi ƙoƙari, amma da yawa sun kwaso har da rigar Baturen. Jami'insu yana da ofis mai sanyi da kwamfuta da ƙaramar bindiga a aljihun kwat, kuma kullum lu'ulu'u aka sace ko wata takardar sirri. Malam Edita, a ƙauyenmu ba a satar lu'ulu'u. Shanun huɗa ake sata, a bar mutum da garma a farkon damina, shi ke nan an kashe masa shekara.

Kuma muna da masu bincikenmu, marubuta ne ba su san su ba. Akwai mai bin sawu, wanda zai durƙusa a kan rairayi ya ce maka shanu huɗu ne, ɗaya tana ɗingishi da ƙafar baya, mutum biyu ne suka kora su, kuma kafin asuba suka wuce domin raɓa ta sauka a kan sawun. Akwai dillalin kara, wanda in ya ga sa sau ɗaya zai gane shi bayan shekara ko da an sauya masa igiya, ya san tsagar kunne da tambarin wuta na kowane yanki, ya kuma san mai sayarwar da yake sauri ya karɓi kuɗi bai tsaya ciniki ba. Akwai sarkin pawa da ya san wanda ya yanka dabba da dare. Akwai mai unguwa da dagaci, waɗanda baƙo ba ya kwana biyu ba su ji ba. Akwai dillaliya mai shiga gida-gida, wadda ta san matar da ta sayi sabon zane alhali mijinta bai sayar da komai ba. Ka ɗauki dattijo ɗaya mai bin sawu, ka sa a sace shanun wani talaka a ƙasar Sandamu daren Juma'a, ka ba shi zuwa ranar Lahadi kafin kasuwar Mai'aduwa ta ci a loda su a mota ko a tsallaka da su Nijar. Ka sa ɓarawon ya zama wanda ba a zato, mai zama sahun gaba. Wallahi in aka rubuta wannan da kyau, har waɗanda ba su iya karatu ba za su taru a karanta masu a dandali, kuma za su gyara wa marubucin inda ya yi kuskure.

Sai nau'i na uku, wato labaran da suke kwatanta ƙasar da mulki ya lalace har mutum ya rasa ikon kansa. A nan wanda ya fi shiga raina shi ne Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi a 1975 ta littafin Bature George Orwell na 1945. Dabbobi sun kori mai gandu don su ci gumin kansu, sai aladu suka hau kujerar, suka fi shi zalunci. Na lura duk wanda na ba aron littafin nan, in ya dawo da shi sai ya ce aladun ai 'yan waccan jam'iyyar ne, ba tasa ba. Ni ba aladun ne suka tsaya mini a rai ba. Dokin nan ne mai aiki ba dare ba rana, wanda da ƙarfinsa ya ƙare aka sayar da shi ga masu yanka. Sai kuma dokokin da aka rubuta a jikin bango, waɗanda ake bi da dare ana yi masu ƙari. Da safe dabbobi su ji kamar ba haka dokar take ba jiya, amma da yake yawancinsu ba su iya karatu ba, sai su ce ƙila su ne suka manta. Duk wanda aka taɓa karɓar masa kuɗin haraji sau biyu a kasuwa, ya nemi rasit ɗin farko aka ce ba a san da shi ba, ya san wannan ciwon.

Orwell yana da wani mai suna 1984, wanda ya fito a 1949, inda hukuma take leƙen kowa har cikin ɗakinsa. Wannan bai kama ni sosai ba. Mu matsalarmu ba yawan sa ido ba ce, sau da yawa neman wanda zai dube mu muke yi.

Amma in marubucinmu yana neman irin wannan labari, ba sai ya ƙago wata duniya ba, ya tambaye mu abin da muka gani. A watan Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai Disamba 2020. A watan Nuwamba 2019 aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutumin da ke zaune a garinsu na haihuwa ya koma sayen mai kamar mai sayen kayan haram. A 2021, saboda matsalar tsaro, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama har da Mai'aduwa da Ɓaure, aka kuma yanke layin waya a wasu ƙananan hukumomin jihar, mutum sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya gaya wa ɗansa cewa uwarsa ta rasu. A farkon 2023, bayan sauya takardun Naira, mai kuɗi a banki ya kwana da yunwa, matar ƙauye ta kawo akuya kasuwa ta rasa mai ba ta tsaba, aka koma ba ni gishiri in ba ka manda. Hukuma tana da dalilanta a kan kowanne, ba gardamar da na zo yi ke nan ba. Abin da nake cewa shi ne, yadda waɗannan kwanaki suka kasance a cikin gida da rumfa da zuciyar mutum, jarida ba ta da filin ɗaukarsa, littafi ne kawai zai iya. In ba a rubuta ba, nan da shekara 20 za a ce wa jikokinmu ba a yi ba, mu ma mu fara shakkar kanmu kamar dabbobin can.

Na san akwai masu ƙoƙari. Gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016, labarin da ya fara cin ta, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira yake. Matan nan sun nuna ana iyawa, sai dai gajerun labarai ne, kafin ka gyara zama sun ƙare.

Saboda haka ina kira ga marubutanmu na Kano da Katsina da Funtuwa da Zariya, ku shigo mota ku zo Mai'aduwa ranar Lahadi, ku zauna a rumfar dillalai daga hantsi zuwa la'asar, ku rufe baki ku buɗe kunne. Ina kira ga masu haƙƙin buga tsofaffin littattafan da na ambata su sake fito da su a farashin da ɗan tireda zai iya, su kuma nemi izinin mayar da na Turancin nan zuwa Hausa. Mu ma masu karatu mu daina jiran na banza, wanda ya iya sayen katin 500 don kallon barkwanci zai iya biyan marubuci haƙƙinsa. Kai kuma Malam Edita, in da hali ka ware rabin shafi duk mako ka riƙa buga labarin bincike kashi-kashi, ka sa sharaɗin cewa a ƙauye ko a kasuwa abin zai faru. Ni dai na yi alkawarin sayen kofi biyu, ɗaya nawa, ɗaya na masu zama a bencin ƙofar shago.



Naku,
Wani ɗan tireda,
Daura, Jihar Katsina.