A bar kwaɗo ya hayayyafa kafin a kama shi

Jama'a, yau maganar kwaɗo zan yi, kuma na san wasu za su yi dariya. Ko a ofis da na ɗauko zancen, wani abokin aikina cewa ya yi, "Malam, ana fama da tsadar shinkafa kai kana ta kwaɗo?" To ai shinkafar ce ta sa nake maganar.

A kudu maso yammacin Kamaru da ƙasar Ikwatoriyal Gini akwai wani kwaɗo da ake kira Goliath. Duk duniya babu kwaɗon da ya kai shi girma: tsawon jikinsa kan kai santimita 32, nauyinsa ya haura kilo 3. A koguna masu gudu da ƙarfi yake zama, har duwatsu yake turawa ya gyara gurbin zuba ƙwai. Yanzu ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Dalili? Farautarsa don nama, kama shi a kai ƙasashen waje, da sare dazukan bakin kogi.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma nan ana kama kwaɗi a fadamun Haɗejiya da Nguru, a busar, a cika buhuna a yi Kudu da su. Sana'a ce, mutane na ciyar da iyali da ita, ni ban ce a hana ba. Amma kwaɗo ƙwari yake ci. Idan ya yi ƙaranci a fadama, manomi ne zai ƙara kuɗin maganin feshi, ragowar maganin kuma ya gangara ruwan da muke kamun kifi. Indiya ta ɗanɗana wannan, shi ya sa a 1987 ta hana fitar da cinyoyin kwaɗi zuwa waje.

Shawarata mai sauƙi ce. A tsayar da kamu a farkon damina lokacin da suke zuba ƙwai, a bar ƙanana su girma. Kuma a zauna da sarakunan ruwa da su kansu masu sana'ar, don dokar da aka rubuta a ofis ba tare da su ba, a takarda take ƙarewa. Wannan kam na gani da idona a wurin aiki.

Wanda ya kame na bana kaf, me zai kama baɗi?

'Yan Jigawa da Yobe, ku faɗa mana gaskiya: kukan kwaɗi da daddare a garinku yana nan kamar lokacin muna yara?