Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

Ran 10 ga watan Disamba, 2025, wata doka ta fara aiki a ƙasar Ostareliya, wadda ta hana yaran da ba su kai shekara 16 ba mallakar shafi a Facebook da Instagram da TikTok da YouTube da makamantansu. Kamfanin da ya yi sakaci yana iya biyan tarar da ta kai dalar Ostareliya miliyan 49.5, amma ba a tanadi wani horo ga yaro ko iyayensa ba.

Babu mai hankalin da zai musa cewa yara suna bukatar kariya. Wayar da ɗalibi yake duba darasi da ita, ita ce kuma take kawo masa hotunan batsa da 'yan damfara da miyagun mutane masu yaudarar ƙananan yara. Gwamnatin da ta ga haka ta zuba ido, haƙiƙa ta gaza. Abin tambaya shi ne, wace hanya za a bi?

Ita Ostareliyar ta taɓa gwada wata hanya ta sha kunya. A 2008 ministan sadarwa, Stephen Conroy, ya dage a kan shirin tilasta wa kamfanonin intanet su toshe duk shafin da hukuma ta sa cikin wani jeri na asiri, da sunan kare yara. A watan Maris na 2009 WikiLeaks ta fallasa jerin da aka ce shi ne na hukumar, sai ga shafin wani likitan haƙori na jihar Queensland a ciki, bawan Allah bai ji ba bai gani ba. A 2012 gwamnati ta yi watsi da shirin. Har ila yau a 2013 hukumar kula da kamfanoni ta ƙasar ta amsa cewa garin toshe shafin 'yan damfara ta haɗa da waɗansu kimanin 250,000.

Darasin a fili yake. Tsohon shirin ya damƙa wa ma'aikatan hukuma mabuɗin abin da manya za su karanta, ba tare da kowa ya san abin da aka rufe ba. Sabuwar dokar kuwa ta ɗora nauyin a kan kamfanonin da suke cin riba da yaran. Amma ita ma ba ta rasa aibi ba, domin yaro yana iya ƙara wa kansa shekaru, tantance shekarun kuma yana sa kamfani ya tattara hotuna da bayanan jama'a.

Mu ma a Nijeriya mun san yadda rufewa take. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 an dakatar da Twitter, ba don yara ba ma, daga baya kotun ECOWAS ta yanke cewa matakin ya saɓa wa doka. Ikon da aka bayar yau don kare yaro, gobe yana iya zama makamin rufe bakin mai suka.

Saboda haka, duk ranar da aka kawo irin wannan doka gabanmu, wajibi ne ma'aikata masu tsara ta da ɗalibai masu nazarinta su nace a kan abu uku. A bayyana abin da aka hana dalla-dalla, kada a toshe shafi sai da umarnin kotu, sa'an nan a bai wa wanda aka zalunta damar ɗaukaka ƙara.

Daga ƙarshe, iyaye su sani babu dokar da za ta shiga ɗaki da tsakar dare ta karɓe waya daga hannun yaro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan aikin kuwa a gida ake fara shi.