SANA'O'IN DUNIYA: Ɗamarar kaboyi, gidan bindiga da kuben wuƙa

Filin sana'a na wannan wata ya tafi ƙasar Amurka, wajen dukawan da ke yi ma kaboyi kayan fata. Mutane da yawa sun ga kaboyi cikin silima ko talabijin. Ga shi bisa doki, da malafa mai faɗi, da ɗamara cike da harsasai, bindiga tana reto wajen cinya. Yara suna zaton aikinsa harbi ne. Ba haka ba ne. Kaboyi makiyayi ne. Ma'anar sunan ma ke nan: yaron shanu.

Su wane ne kaboyi?

Daga 1866 zuwa wajen 1886, shanu sun yi yawa a jihar Teksas, kuma ba su da tsada. A gabas da arewa kuwa birane suna neman nama. Sai aka riƙa kora garkuna daga Teksas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na jihar Kansas, kamar Abilin da Doj Siti. Garke ɗaya yakan kai shanu 2000 ko 3000. Mutum 10 ko 12 ke kora shi. Tafiyar yini ba ta wuce kilometir 20 zuwa 25, don kada shanu su rame. Sukan yi wata 2 ko 3 bisa hanya. Makiyayan Meksiko ne suka fara wannan irin kiwo bisa doki, sauran suka koya daga gare su. Da yawa daga cikin kaboyi baƙaƙen fata ne, waɗanda suka samu ƴanci bayan an hana bauta a 1865.

Mutumin da zai yi wata 3 cikin daji, ga rana, ga ruwa, ga ƙura, dole kayansa su yi ƙarko. Idan ɗinki ya kwance, babu baduku kusa. Idan wuƙa ta huda kube, cinyarsa za ta shiga. Don haka masu yin sirdi na garuruwan ƙasar, su ne kuma masu yin ɗamara da kube, ba su wasa da aikinsu.

A 1873 kamfanin Colt ya fito da wata ƙaramar bindiga mai cin harsashi 6. Nauyinta ya kai kilo 1. Harsasanta na tagulla ne, ruwa ba ya ɓata su da sauri. Sai aka fara yin ɗamara mai faɗi, da ƙananan zobba na fata inda ake jera su. Amfanin bindigar ga makiyayi shi ne maciji, da naman daji mai cin maraƙi, da bisar da ta karye ba ta iya tashi. A garuruwa irin su Abilin da Doj Siti, doka ta hana yawo da bindiga. Wanda ya shigo gari, sai ya ajiye ta.

Har yanzu akwai dukawa a Amurka masu yin waɗannan kaya da hannu. Masu saye su ne masu kiwon shanu, da ƴan wasan silima, da masu gasar harbi. Ga yadda aikin ke tafiya.

Zaɓen fata

Ba kowace fata ke yi ba. Ƙirgin sa ko na saniya ake nema, wanda aka jeme da ɓawon itace, kamar yadda majeman Maraɗi da Damagaram ke jima da bagaruwa. Irin wannan fata tana shan ruwa, tana karɓar siffa, in ta bushe kuma ta tsaya yadda aka bar ta. Akwai wata jima ta masana'anta da ake yi da gishirin wani ƙarfe. Fatarta tana da laushi, amma ba ta riƙe siffa, kuma tana iya sa ƙarfe ya yi tsatsa. Ba a yin kube da ita.

Kaurin fatar ya kai milimetir 3 zuwa 4. Baduku yakan shimfiɗa ƙirgin, ya duba shi da ido, ya shafa shi da hannu. Ɗamara daga gadon baya ake yanko ta, domin nan fata ta fi ƙarfi. Fatar ciki tana miƙewa, ba ta ɗaukar nauyi. Inda duk akwai tabo, ko ƙunar wuta, ko yankan wuƙa, sai ya kauce ma wurin.

Awo da takarda

Baduku ba ya fara yanka fata. Takarda mai kauri yake fara yankawa. Yakan ninka ta biyu, ya sa bindigar ko wuƙar a ciki, ya zana gefenta, ya bar sararin santimetir 1 ko 2 don ɗinki. Sai ya gwada, ya gyara, ya sake gwadawa. Takarda ba ta da tsada. Fata in an yanke ta, ba ta komawa.

Abu guda yakan ruɗe sabon koyo. Idan aka juya takardar bisa fata, gidan da aka yi nufin na dama sai ya zama na hagu. Don haka ake tambayar mai kaya tun farko: da wane hannu yake aiki?

Awon ɗamara kuma ba awon wando ba ne. Bisa tufafi ake ɗaura ta, a kan ƙugu. Dole a auna mutum a daidai wurin, da tufafinsa a jiki.

Ɗamara

Faɗin ɗamara santimetir 6 ne zuwa 7. Faɗin nan shi ke raba nauyi, kada ta ci ƙugun mai ita. A baki ɗaya ana ɗinka ƙarfen ɗaurewa. A ɗayan bakin ana ɗinka siririn harshe mai huda 5 ko 7.

Zobban harsashi da siririyar fata ake yin su. A jiƙa ta, a ɗinke bakinta a jikin ɗamara, a naɗe ta bisa harsashi ɗaya, a ja ta da ƙarfi, a ɗinke, a wuce na gaba. Haka har a samu 20 ko 30. Idan zobe ya yi sako-sako, harsashi zai faɗi lokacin sukuwa. Idan ya matse, ba ya fita ranar bukata. Ba a kuma barin harsasai su daɗe a ciki, don tagulla da fata in sun zauna tare, wani kore yakan fito musu.

Akwai wata dabara ta mutanen da. Sukan ninka fata mai laushi biyu, a ɗinke ta, a bar ƴar ƙofa wajen ƙarfen ɗaurewa. Nan kaboyi ke zuba kuɗɗinsa. Ɗamara ta zama asusu.

Gidan bindiga

Irin wanda makiyaya suka fi so ya fito ne cikin shekarun 1870, ana danganta shi da Meksiko. Da fata guda ake yin sa. Rabi shi ne aljihun da bindiga ke shiga. Ɗayan rabin ana ninka shi baya, a tsaga shi wuri 2 ko 4, a tura aljihun cikin tsagar. Ɗamara tana bi ta cikin ninkin. Komi faɗinta, tana wucewa.

Gidan da ke reto ƙasa wajen cinya, wanda ake gani cikin silima, ba na makiyayan da ba ne. Daga shekarun 1920 ya yaɗu. Cikin shekarun 1950 har ƙarfe ake sakawa tsakanin fata, don ɗan wasa ya zare bindiga da sauri. Makiyayi na gaske sama yake ɗaura tasa, kusa da ƙugu, ta shige ciki sosai. Mai yini bisa doki ba sauri yake nema ba. So yake kada ta faɗi.

Ado da rini

Tun ran gini, tun ran zane. Kafin a ɗinka ake yin ado. Baduku yakan shafa ruwa kaɗan bisa fata, ya jira har launinta ya kusa komawa yadda yake, amma da sauran sanyi a hannu. Sai ya zana fure ko ganye da ƴar wuƙa mai juyawa. Daga nan ya ɗauki ƙananan ƙarafa masu zane a baki, ya riƙa buga su da guduma ta itace. Idan ruwa ya yi yawa, zanen ba ya zama. Idan fata ta bushe, ba ya shiga.

Bayan ado sai rini. Wata tsohuwar dabararsu ta baƙin rini ita ce a jiƙa ƙarfe cikin ruwan tsami, a shafa ma fata. Nan take ta yi baƙi. Dukawan Hausa sun san wannan tun tuni. Shi ne kuloko.

Ɗinki

Ɗinkin masu sirdi ake yi. Zare ɗaya ne, da allura 2, ɗaya a kowane baki. Ana shafa ma zaren kakin zuma don kada ruwa ya ruɓar da shi. Baduku yakan fara ƙwaƙule ƴar hanya a gefen fata inda zaren zai kwanta, don kada ya gogu. Sai ya huda da basilla, tsakanin huda da huda milimetir 4 ko 5. Allurar dama ta wuce hagu, ta hagu ta wuce dama, cikin huda guda. Ya ja su tare.

Ɗinkin keke ya fi sauri. Amma in zarensa ya tsinke wuri ɗaya, yakan bi ya warware. Ɗinkin hannu kuwa, in ɗaya ya tsinke, ɗayan yana riƙe. Abin da ya sa kayan hannu suka fi tsada ke nan, kuma suka fi daɗewa.

Kuben wuƙa

Nan ne darasin da ya fi amfani ga manomi da makiyayi, tunda kowa yana da wuƙa. Kube mai kyau ba fata 2 ba ce, 3 ce. Tsakanin ta gaba da ta baya ana saka wani siririn yanki na fata mai kauri, faɗinsa kamar santimetir 1, a bi da shi gefen da kaifi ke kwanciya. Ana ɗinke su duka tare. In wuƙa ta shiga, kaifinta wannan yanki yake taɓawa, ba ya kai ga zare.

Kuben da ba shi da wannan yanki, kullum wuƙa tana cin zarensa kaɗan kaɗan. Mai ita bai sani ba. Rana ɗaya ya durƙusa tatsa, ko ya faɗo daga doki, sai tsini ya fito ya same shi a cinya ko a ciki. A daji, nesa da likita, wannan rauni yana iya kai mutum kabari. Mai sayen kube a kasuwa ya duba gefensa, ya ƙirga fata nawa ce. Ya kuma ga cewa kuben ya haɗiye wani sashe na ƙota, ba ruwan wuƙar kaɗai ba.

Jiƙawa da gamawa

Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bayan ɗinki, ana tsoma gidan bindiga ko kube cikin ruwa na ɗan lokaci. A shafa ma ƙarfen mai, a naɗe shi cikin leda, a tura shi ciki. Baduku ya riƙa danna fata da yatsu da guntun ƙashi mai santsi, har ta ɗauki siffar abin da ke cikinta. Sai a zare ƙarfen, a bar fata ta bushe cikin inuwa, kwana 1 ko 2. Ba a sa ta rana, ba a kai ta bakin wuta. Zafi yana sa ta tsage.

Daga ƙarshe a rage kaifin gefuna, a goge su da ruwa da itace mai santsi da kakin zuma, har su yi sheƙi. A shafa mai kaɗan. Mai da yawa yana sa fata ta saki, siffarta ta ɓace.

Abin da ya shafi Nijar

A 1966 wani ɗan Nijar, Mustafa Alasan, ya yi silima a kan wani saurayi da ya komo daga Amurka da kayan kaboyi, ya raba ma abokansa. Suka sa kayan, suka hau dawaki, suka tada hankalin ƙauyensu. Sun ɗauki ado da faɗa, sun bar aiki. A Nijar, riƙe bindiga ba da izinin hukuma ba laifi ne. Abin koyi a nan ba bindiga ba ce, kyawon aiki ne.

Kyawon aikin kuwa ba daga baduku yake farawa ba. Daga makiyayi da mahauci yake farawa. Fatar jar akuya ta Maraɗi ta yi suna a duniya saboda laushi da ƙarfi. Ƙirgin shanu kuma yana da kasuwa. Amma tabo ɗaya a gadon baya yana hana a samu ɗamara daga ƙirgi guda. Don haka a kiyaye waɗannan:

1. A sa shaidar wuta a kunci ko a ƙasan ƙafa, ba a gadon baya ko haƙarƙari ba.
2. A rage dukan bisa da bulala, a cire mata kaska da wuri.
3. A yi fiɗa da wuƙa mai lanƙwasasshen baki, a hankali, kada a huda fata.
4. A kankare nama da kitse, a wanke jini tun fata tana ɗanya.
5. A miƙe ta da igiya cikin inuwa inda iska ke wucewa, kada a shanya ta ƙasa cikin rana.

Fatar da aka kula da ita, majemi yana saye da daraja. Baduku yana samun abin aiki. Mai kube kuma yana tafiya daji hankalinsa kwance.

Wanda ya karanta wannan fili, ya karanta ma maƙwabcinsa. Sai wata mai zuwa, in Allah ya yarda.