Bututun da ke shiga zuciya ba tare da an tsaga ƙirji ba

A wannan mako zan fara da labarin wani matashin likita da ya yi abin da ba zan taɓa ba ku shawarar ku kwaikwaya ba.

A shekarar 1929, a wani ƙaramin asibiti da ke garin Eberswalde na ƙasar Jamus, akwai wani sabon likita mai suna Werner Forssmann, ɗan shekara 25. A lokacin likitoci sun yi imani cewa duk abin da ya taɓa cikin zuciyar mai rai, to ajali ya zo. Shi kuwa yana ganin za a iya zura siririn bututu ta jijiyar jini har ya isa zuciya lafiya lau. Shugabansa ya hana shi gwadawa. Sai ya lallaɓa wata nas mai riƙe da kayan tiyata, ta yarda bisa sharaɗin a kanta za a gwada. Ya kwantar da ita a gadon tiyata ya ɗaure, sannan ya juya ya yi wa hannunsa allurar kashe zafi, ya zura robar fitsari a jijiyar gwiwar hannunsa. Da robar a jikinsa ya taka zuwa ɗakin ɗaukar hoto, ya ƙara tura ta har kusan santimita 65, hoton ya nuna bakinta a cikin ɗakin dama na sama na zuciyarsa. Manyan likitocin zamanin sun ɗauki abin a matsayin ganganci, har ya rasa aikinsa a babban asibitin Charité na Balin. Daga baya wasu likitoci biyu a Amurka, André Cournand da Dickinson Richards, suka ɗora daga inda ya tsaya, kuma a 1956 su ukun suka raba kyautar Nobel.

Daga wannan ganganci aka samu fannin da a yau ake kira aikin zuciya ta kateta. Kateta siririn bututun roba ne mai laushi, kaurinsa milimita 2 ko makamancin haka, tsawonsa kuwa kusan mita 1. Ku tuna darasin bayoloji: duk jijiyoyin jini ko dai daga zuciya suka taso, ko kuma can suka nufa. Saboda haka wanda ya shiga jijiya a wuyan hannu ko a matsematsi, in ya bi hanya, zai ɓulla zuciya. Ana kashe zafin wurin da allura, a huda jijiyar, a zura waya mai laushi, kateta ya bi bayanta. Likita na kallon tafiyarsa a allon na'urar hoto. Yawanci maras lafiya idonsa biyu, kuma ba ya jin tafiyar bututun a cikin jijiya.

Da an isa, akwai ayyuka da dama. Ana iya auna ƙarfin bugun jini a kowane ɗaki cikin ɗakuna 4 na zuciya. Ana iya fesa wani ruwa mai ɗauke da aidin, wanda ke fitowa baƙi a hoto, don a ga inda jijiyar da ke ciyar da zuciya ta toshe. A watan Satumba na 1977, a birnin Zurich na Suwizalan, Andreas Grüntzig ya fara buɗe irin wannan toshewa da ɗan balan-balan da ke bakin kateta. A 1986 aka fara barin 'yar ragar ƙarfe a wurin don kada ya sake tsukewa. A 2002 kuma, a birnin Rouen na Faransa, Alain Cribier ya sa wa wani maras lafiya sabuwar ƙofar zuciya ta kateta. Haka nan akwai jariran da ake haifa da wata hanyar jini da ya kamata ta rufe kanta 'yan kwanaki bayan haihuwa amma ta ƙi, ko masu ɓula a bangon da ya raba ɗakunan sama. Da yawansu yanzu ana toshe musu wurin da wani ɗan marfi da ake turawa ta kateta, ba tare da tabon tiyata a ƙirji ba.

Sai dai rashin tsaga ƙirji ba ya nufin babu haɗari. Matsalar da aka fi gani ita ce zubar jini ko tararsa a inda aka huda, shi ya sa wanda aka yi wa ta matsematsi ake sa shi ya kwanta ba ya lanƙwasa ƙafa na wasu sa'o'i. Bakin kateta na iya taɓa bangon zuciya bugunta ya rikice na ɗan lokaci. Ruwan hoton na iya wahalar da ƙoda, musamman ga masu ciwon suga ko waɗanda ƙodarsu ta riga ta raunana, wasu kuma jikinsu ba ya karɓarsa. Mafi muni, gudan jini na iya ɓallewa ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki, ko a huda bangon zuciya jini ya taru a jakar da ta lulluɓe ta ya matse ta. Idan bincike kawai aka shiga yi, irin waɗannan manyan matsaloli ba sa kai wa mutum 1 cikin 100. Duk da haka likita kan zauna da maras lafiya ko iyayensa ya yi musu bayani kafin su sa hannu, kuma haƙƙinsu ne su yi tambaya har su gamsu.

Wani zai ce, wannan ai maganar tsofaffi ce da masu kuɗi, ina ruwan ɗan sakandare? To ga inda ta shafe mu. Akwai wani ciwon zuciya da ya yi ƙaranci ƙwarai a Turai da Amurka, amma yana nan a Afirka, kuma 'yan shekara 5 zuwa 15 ya fi fara kamawa. Daga ciwon maƙogwaro yake somawa. Wata ƙwayar bakteriya mai suna sitireftokokus ta kama maƙogwaro, a ƙi yi mata magani. Bayan mako 2 zuwa 3, garkuwar jiki da ta tashi yaƙar ƙwayar sai ta rikice ta afka wa jikin kansa: gaɓoɓi da ƙofofin zuciya. Yaro ya kama zazzaɓi, gwiwa ta kumbura yau, jibi ciwon ya koma idon sawu ko gwiwar hannu. Gaɓoɓin za su warke, amma tabon da ke ƙofar zuciya yana nan, kuma duk dawowar ciwon ƙara shi take yi.

Ƙofar da ta fi shan wahala ita ce wadda ke tsakanin ɗakunan hagu biyu, likitoci na kiran ta maitiral. Faɗinta ga lafiyayyen baligi murabba'in santimita 4 zuwa 6 ne. Tabon kan manne leɓɓanta har ta koma 1.5 ko ƙasa da haka. Jini ya riƙa taruwa a huhu, saurayi ya kasa hawa bene sai da haki, ya kasa kwana sai da matashi biyu ko uku. Ga mace, sau da yawa sai ta samu juna biyu ciwon ke bayyana, domin a lokacin aikin zuciya ya ƙaru.

A nan kateta ke da rana. Wani likita ɗan Japan, Kanji Inoue, ya ƙirƙiro balan-balan na musamman a farkon shekarun 1980. Ana shiga ta jijiyar matsematsi zuwa ɗakin dama, a huda bangon tsakiya a tsallaka hagu, a sa balan-balan a bakin ƙofar, a hura shi na 'yan daƙiƙoƙi, mannewar ta rabu. Amma ba kowa ake yi wa ba. In ƙofar ta yi tauri sosai, ko tana yoyo, ko akwai gudan jini a ɗakin, sai dai babbar tiyata. Wani lokaci ma balan-balan ɗin kan yaga ƙofar a garzaya ɗakin tiyata. Ga tsada, ga ƙarancin asibitocin da ke da na'urar a yankinmu.

Duk wannan wahala ana iya tare ta tun daga maƙogwaro. Yawancin ciwon maƙogwaro na mura ne, yana tafiya da kansa. Amma in ya zo da zazzaɓi, da zafin haɗiya, da kaluluwa a wuya, da farin ruɓa a cikin maƙogwaro, kuma babu tari, a je asibiti. Kada a tsaya sayen ƙwaya biyu a kemis, kada kuma a kai yaro wurin wanzami a cire beli, domin cire beli ba ya kashe ƙwayar cutar. In likita ya rubuta fenisilin na kwana 10, a shanye shi duka ko da an ji sauƙi a kwana na 3. Wanda kuwa aka riga aka tabbatar ciwon ya taɓa shi, akan sa shi allurar fenisilin duk mako 3 ko 4 na tsawon shekaru, kuma tsallake allurar ne ke buɗe wa ciwon hanyar dawowa.

'Yan makarantar kwana, ku lura da juna, domin cunkoson ɗakin kwana na sauƙaƙa yaɗuwar wannan ƙwaya. In abokinka ya daina buga ƙwallo saboda haki, ko ƙawarki na fama da ciwon gaɓoɓi mai yawo, ku raka su ɗakin shan magani, ku kuma gaya wa malamin da ke kula da ku a kira iyaye.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Allah Ya ƙara mana lafiya.