Kada Waƙa Ta Mutu Cikin Kwamfuta

Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, amma muryarsa tana nan, domin faifai da kaset sun shiga gida-gida. Mawaƙin Dutse na yau kuwa, wahalarsa ta shekaru takan kwana cikin kwamfuta guda. Wutar lantarki ta dawo da ƙarfi, ko ƙurar hunturu ta toshe fanka, shi ke nan, an yi asara. Intanet ma ba ta da tabbas: a 2019 kamfanin Myspace na Amurka ya bayyana ɓacewar waƙoƙin shekara 12. Ra'ayinmu shi ne kowace waƙa a yi mata kwafi 3, ɗaya a wajen gida. Mu da muka san kan na'urar, wajibinmu ne mu koya musu. Rigakafi ya fi magani.